Wata na Malam, Tauraro na Manomi: Yadda Magabata Suka Ƙidaya Zamani a Borno da Ƙasar Hausa

A shekarar 1955 ne wani malamin jami'ar Oksifod ta ƙasar Ingila, mai suna J.R.R. Tolkien, ya fitar da juzu'i na uku na littafinsa na ƙagaggen labari, wato The Lord of the Rings. A ƙarshen juzu'in ya yi wani rataye inda ya zauna ya tsara wa wasu halittu na cikin labarin, masu kama da aljanu waɗanda ba sa tsufa, kalandarsu ta kansu. Ya ce babbar shekararsu daidai take da shekara 144 ta 'yan Adam, makonsu kwana 6 ne, ranarsu kuwa daga faɗuwar rana take farawa. Ƙaramar shekararsu ya kasa ta yanayi shida, biyu masu kwana 72, huɗu masu kwana 54, sannan ya ƙara wasu kwana 5 da ba sa cikin kowane yanayi, lissafi ya cika 365. Na taɓa jin wasu ɗalibai suna yaba wannan hikima, har ɗayansu yana cewa sai Bature. Ban musa masa ba, domin aikin ya cancanci yabo. Abin da na tambaye shi kawai shi ne ko ya san taurarin damina nawa ne. Sai ya yi shiru.

Wannan shirun ne ya haifar da wannan maƙala. Magabatanmu na Borno da na ƙasar Hausa ba su rayu da kalanda ɗaya ba. Sun riƙe lissafi uku a lokaci guda, kowanne da aikinsa da masu kula da shi: lissafin wata domin ibada da shari'a, lissafin taurari domin gona da dabba, sai lissafin shekarun sarakuna domin tarihi. Duk wanda ya ɗauki tsohuwar takarda ko ya saurari tsoho, ya ji an ce "shekara kaza", bai kuwa tambayi wace irin shekara ake nufi ba, to ya kama hanyar ɓata.

Dare kafin rana

Bari mu fara da ƙaramin ma'auni. Bahaushe da kwana yake ƙirga ranaku, wato da yawan daren da aka yi barci. Ba ya cewa tafiyar rana uku, sai dai tafiyar kwana uku. Har ila yau dare ne yake gaba, rana tana biye da shi, kamar yadda yake a lissafin Musulunci. Shi ya sa in an ce daren Juma'a, daren da ya biyo bayan yinin Alhamis ake nufi, abin da yake rikita yaranmu 'yan boko har gobe. Ashe ke nan ranar da take farawa daga magariba, wadda Tolkien ya ba aljanunsa, tsohuwar aba ce a gidan kowane ɗayanmu.

Yinin kansa an yanka shi gunduwa-gunduwa tun ba a san agogo ba: carar zakara, asuba, sassafe, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, lisha, sai tsakar dare da talatainin dare. Ladan yakan tsaya a rana ya auna inuwarsa da tafin ƙafarsa don ya san azahar ta yi ko la'asar ta shiga, kuma yawan ƙafar da ake nema yana sauyawa daga wata zuwa wata, gwargwadon karkatar rana. Sunayen kwanakin mako bakwai kuwa daga Larabci muka aro su, suka zauna daram har suka zama sunayen mutane, irin su Ladi da Talatu da Balarabe da Lami da Jummai da Asabe, suka kuma zama sunayen kasuwanni. Ga babbar kasuwar Maiduguri nan, kullum ci take yi, amma har yau Kasuwar Litinin ake ce mata.

Wata

Kalmar "wata" a Hausa ta haɗa abin da ke sama da kwanakin da yake ɗauka, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna da me ake awo. Shekarar Hijiriyya, wadda aka tsayar da lissafinta zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi daga hijirar shekarar 622 Miladiyya, wata 12 ce, kwana 354 ko 355. Ta gaza shekarar rana da wajen kwana 11. Musulunci ya hana a cusa wani ƙarin wata don a cike wannan giɓi, saboda haka watanni suke zagaya yanayi. Wanda ya yi azumin 1981 ya yi shi ne a watan Yuli, cikin damina. A 1997 azumi ya faɗo a Janairu, cikin hunturu. A 2014 ya sake komowa Yuli. Zagaye guda ke nan a cikin shekara 33.

Malamai sun riƙe sunayen watannin na Larabci, amma talakawa, musamman mata, sun raɗa musu nasu bisa abin da ake yi a cikinsu. Muharram shi ne watan cika-ciki. Rabi'ul Awwal watan Mauludi ne, ko watan Takutaha a Kano, inda jama'a suke hawa dutsen Dala, ko watan Gani a Daura. Rajab shi ne watan azumin tsofaffi, Sha'aban watan sha ruwan tsofaffi, sai watan azumi, sai watan ƙaramar salla, sai watan bawa da ke tsakanin salloli biyu, sai watan babbar salla. Da wannan lissafi ake idda da takaba, da shi ake yaye, da shi ake cikar shekarar zakkar dukiya. Alƙali da liman su ne masu tsaronsa, sarki kuma shi ne mai sanar da tsayuwar wata.

Sai dai akwai tambaya guda da wata ba zai iya amsa ta ba, ita ce: yaushe za a yi shuka?

Taurari

A nan ne lissafi na biyu ya shigo, kuma shi ne wanda ya fi kusa da ɓacewa, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Manomi ya san shekararsa da jikinsa. Bazara ce da zafinta da hadarin da ke yaudara, sai damina, wadda tsakiyarta ake kira marka, sai ɗan zafin agazari da ke nunar da hatsi, sai kaka, sai ɗari ko hunturu, sannan rani ya miƙe. Barebari su ma kashi huɗu suka yi wa shekara: nəngəli ita ce damina, bigəla kaka, binəm lokacin sanyi, be kuwa lokacin zafi. Amma sanin sunan yanayi daban, sanin ranar da za a zuba iri a rami daban. Ruwan farko yakan zo ya ruɗi mutum ya yi shuka, sannan sama ta ɗauke kwana ashirin, iri ya ƙone a ƙasa. Wanda irinsa na ƙarshe ke nan ya san abin da wannan kuskure yake nufi.

Maganin da aka samu shi ne lissafin manzilolin nan 28 da Larabawa suka sani tun kafin Musulunci, waɗanda Hausawa suke kira taurari kawai. Kowane tauraro yana da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14. In aka ninka 13 sau 27 za a sami 351, a ƙara 14, ya zama 365 cif. Aka raba su bakwai-bakwai ga yanayi huɗu. Taurarin damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Da Sarfa ta kama, an shiga na kaka. Malamin ƙauye da ya iya wannan hisabi shi ake zuwa a tambaya wane tauraro ake ciki, kuma kwana nawa ya yi, kafin a yanke shawarar ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na wanke ƙura. Manoman ƙasar Sudan suna amfani da waɗannan sunaye har yanzu, da ɗan bambancin lafazi, abin da ba zai ba mutumin Borno mamaki ba, tun da ta nan hanyar alhazai ta bi zuwa gabas shekaru aru-aru.

Ba duk ilmin sama ne ya zo cikin littafi ba. Tun kafin a ji sunan Surayya, Bahaushe ya san wannan gungu da sunan Kaza da 'ya'yanta, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, ya san Zara wadda ya aurar wa wata. Abin da littafi ya ƙara shi ne ƙidaya, yadda ko gajimare ya rufe sama mako guda, malam yana iya faɗin inda aka kwana.

Wani abin sha'awa shi ne fiƙihu da kansa ya yarda da wannan lissafi na biyu. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, littafin da kowane babban almajiri a Borno da Hausa ya sha gwagwarmaya da shi, an ɗora fitar mai karɓar zakkar dabbobi a kan ɓullowar Surayya da alfijir. Dalilin a fili yake: lokacin ne na tsananin zafi da dabbobi suke taruwa a bakin ruwa, inda za a same su a ƙirga. Zakkar hatsi ita ma ba ta jiran cikar shekarar wata, ranar girbi ake fitar da ita. Wato shari'ar da ta tsayar da wata don azumi da hajji, ita ce kuma ta koma ga tauraro da ta zo kan saniya da dawa.

A ƙasar Borno buƙatar wannan lissafi ta ma fi ta ƙasar Hausa, saboda noma biyu ake yi. Bayan geron damina akwai masakwa, dawar da ake dasawa a baƙar ƙasar firki ta wajejen Dikwa da Marte da Ngala bayan ruwa ya janye, wajen Satumba zuwa Oktoba, a girbe ta cikin sanyi, wajen Janairu zuwa Fabrairu, ba tare da ɗigon ruwan sama ya taɓa ta ba. Sai an yi renon irin tun damina ba ta ƙare ba, yadda zai isa dashe daidai lokacin da ƙasa ta sha ta ƙoshi. In an yi gaggawa ruwa ya cinye dashen, in an yi jinkiri ƙasa ta tsage ta bushe.

Tare da taurarin nan akwai watannin da malamai suke kira na ajami, wato na rana. Mutane da yawa sun ɗauka cewa Turawan mulkin mallaka ne suka fara kawo mana watannin Janairu zuwa Disamba. Ni dai ina da ja a kan haka, kuma hujjata tana bakin kowa. Me ya sa muke cewa Maris da Mayu da Yuni da Yuli, lafazin da ya yi nesa da na Ingilishi, ya kuma yi kusa da na Larabcin Magrib? Manoman Maroko da Aljeriya da Tunisiya sun riƙe tsohuwar kalandar Rumawa tun kafin zuwan Musulunci, malamansu kuma suka rubuta ta a littattafan sanin lokaci, irin su Muƙni'i na Muhammad ɗan Sa'id al-Mirgiti, malamin Sus ta Maroko wanda ya rasu a 1678, littafin da ya yaɗu a makarantun Afirka ta Yamma. Wannan tsohuwar kalanda ba ta bi gyaran da Paparoma Giregori na 13 ya yi a 1582 ba, lokacin da aka tsallake kwana 10. Yau tazarar ta kai kwana 13. Saboda haka in mai bincike ya ga an rubuta ɗaya ga watan Yuli na ajami a gefen wata takarda ta ƙarnin da ya wuce, to 14 ga Yuli ke nan a kalandar da ke rataye a ofishinsa.

Shekarun sarakuna

Lissafi na uku na fada ne. A watan Afrilu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Kukawa zamanin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu. A can ya samu kwafen Diwani, ko Girgam, jerin sarakunan gidan Saifawa da suka mulki Kanem da Borno. Diwani yana faɗin sunan Mai, da na mahaifinsa, sau da yawa har da na mahaifiyarsa, da wurin da ya rasu, da yawan shekarun da ya yi a kan gado. Abin da ba ya faɗi shi ne shekarar da ya hau. Haka Tarihin Kano yake, wanda H.R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908: sarki kaza ya yi shekara kaza, sai wane ya gaje shi.

To yaya aka yi muka sami shekarun da muke haddacewa a aji? Ta hanyar ƙirgawa da baya. Ana kama wata shekara da aka tabbatar, a yi ta ɗebe shekarun kowane sarki har a kai na farko. Da haka Palmer ya kai Bagauda shekarar 999. Amma a lura, shekarun da marubutan fada suka ƙirga na wata ne. Tarihin Kano ya ba Bagauda shekara 66, Palmer ya sa shi daga 389 zuwa 455 Hijiriyya, wanda ya zama 999 zuwa 1063 Miladiyya, wato shekara 64. Shekara biyu sun narke a mulkin sarki ɗaya. A kowace shekara 100 ta rana akwai shekara 103 ta wata, don haka wanda ya manta da wannan a tarihin da ya kai shekara dubu zai yi kuskuren wajen shekara 30. Wannan fa in an ɗauka mai kwafe bai tsallake sunan kowa ba, kuma ba a cike wa wani sarki 'yan watanninsa sun zama shekara ba.

Borno ta yi sa'ar da Kano ba ta samu sosai ba, domin sarakunanta sun yi hulɗa da ƙasashen da suke rubuta shekara a kan takarda. Ibn Haldun ya ambaci kyautar raƙumin dawa da sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis a 655 Hijiriyya, wato 1257. Al-Ƙalƙashandi ya adana wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ, wadda ta isa a 794 Hijiriyya, wajen 1391 zuwa 1392, yana kukan Larabawan da suke kama mutanensa suna sayarwa. Akwai kuma wasiƙun da Sarkin Daular Usmaniyya Murad na 3 ya aiko wa Mai Idris Alauma a 1577. Waɗannan su ne turakun da masana suke ɗaure igiyar Diwani a jikinsu. Duk da haka ba a tsira daga saɓani ba. Tsofaffin littattafai, bisa lissafin Barth, sun sa mulkin Idris Alauma daga 1571 zuwa 1603. Dierk Lange, wanda ya sake nazarin Diwani ya buga shi a 1977, ya mayar da shi 1564 zuwa 1596. Wannan shi ne Mai da aka fi sani a duk gidan Saifawa, wanda limaminsa Ahmad ɗan Furtu ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa yana raye, amma ga tazarar shekara 7 a kansa. Ina ga sarakunan da ba su sami ɗan Furtu ba? Ina ganin ya kamata malaman tarihi su riƙa gaya wa ɗalibai yadda aka samo waɗannan alƙaluma, maimakon a ba su su haddace kamar an sauko da su daga sama.

Malamai su ne suka fi kiyaye shekarar Hijiriyya, kuma sau da yawa da ramzi suke rubuta ta a ƙarshen waƙa ko littafi, wato a harhaɗa haruffa masu ƙima su ba da adadin. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Zulƙida na 1218, daidai da Fabrairun 1804. In za a sa wannan shekara a ramzi, sai a ɗauki shinun 1000, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. A nan ma akwai rami. Wannan ƙimar ta mutanen Magrib ce, wadda malamanmu suka bi. A lissafin mutanen gabas shinun 300 ne, don haka ɗalibin da ya koyi abjadi daga littafin Masar zai karanta 518, ya mayar da Shehu baya da shekara 700.

Talaka kuwa, wanda ba shi da Diwani ba shi da ramzi, da abin da ya faru yake sa wa shekara suna. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Mutanen Nijar sun kira ta 1984 El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a zamanin mulkin soja na Janar Buhari. Wata tsohuwa a danginmu, da aka matsa mata da tambayar shekarunta don cike wata takarda, cewa ta yi an haife ta a watan azumin tsofaffi, ana cikin marka, shekarar da fara ta cinye gero. Ma'aikacin ya yi dariya ya rubuta abin da ya ga dama. Alhali ta ba shi amsa da lissafi uku a jere, kuma da ya san cewa Rajab ba ya haɗuwa da marka sai a 'yan shekaru biyu ko uku cikin kowace 33, da ya kusa gano shekarar da kansa.

Agogo da kalandar ofis

Turawan Ingila sun shigo Borno a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kafa Yerwa a 1907 zamanin Shehu Garbai. Tare da su aka sami lissafi na huɗu, na albashi da haraji da makaranta da kotu. A 1914 aka ɗora Nijeriya duka a kan agogo ɗaya. Rana dai ba ta karɓi wannan doka ba. Maiduguri tana gabas da Sakkwato da wajen digiri 8, kowane digiri kuwa minti 4 ne, shi ya sa mai azumi a Yerwa yake shan ruwa wajen rabin sa'a kafin ɗan'uwansa na Sakkwato, ko da yake agogon hannunsu abu ɗaya yake nunawa.

Lissafin wata ya tsira, domin addini yana riƙe da shi, kuma duk shekara ana sauraron sanarwar Sarkin Musulmi kafin a ɗauki azumi ko a ajiye. Shekarun sarakuna sun koma hannun masu digiri. Taurari ne suka rasa mai riƙo, domin makarantar boko ba ta koyar da su, Islamiyyar zamani ma haka, wasu kuma suna haɗa su da duba da bokanci, alhali ƙirgar kwanaki ce kawai, kamar yadda Halil ya yi amfani da ita.

Mutanen Maiduguri sun ga bambancin lissafin nan da idonsu. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye gari a watan Satumba na 1994, ta sake ɓallewa ranar 10 ga Satumba, 2024. A kalandar ofis tsakaninsu shekara 30 ce. A ta malam, daga 1415 zuwa 1446, an ƙirga 31, kuma sunan watan ya sauya. Ga manomi kuwa duka biyun lokaci ɗaya suka zo, a ƙarshen damina, sa'ad da kogin Ngadda ya gama tara ruwan marka. Yaran da aka haifa a sansanonin da jama'a suka fake a makon nan, tuni iyayensu mata suka fara ƙirga musu shekaru daga shekarar ambaliya.